Kwanon Baba Tamba

Ni dai ban taɓa niyyar kashe wa surukina ƙafafu ba. Wannan zan fara faɗa, domin har yau in aka ambaci sunana a Argungu akwai masu cewa, "Au, Riskuwa? Malamar makarantar nan mai shayi da burodi?" To, ni ce. Amma a tsaya a ji yadda aka yi.

Lokacin Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ko hannu za a sa wa takarda sai an hau mota. Mijina Usmanu malamin gona ne, kullum yana fadamar Zauro wajen masu shinkafa, ni kuma ina koyar da 'yan aji uku. Muna zaune a Badariya, ciki biyu da falo da shago, wato ɗakin baƙi, a ƙofar gida, watanmu bakwai da aure. Sai yanar ido ta kama mahaifinsa. Aka kai shi Sakkwato aka yi aiki, likita ya ce a kiyaye masa rana da ƙura da ruwan gulbi har idon ya warke. Usmanu ya kawo shi gidanmu ya sauke shi a shago.

Sunansa na yanka ba zan faɗa ba, surukina ne. Tamba ake ce masa a Argungu, wannan ɗin ma da ƙyar ya fito daga bakina. Masunci ne tun yana yaro, shekarunsa sittin da 'yan kai. Ranar da ya zo na leƙa ta tagar kicin, na ga mutum da auduga a ido ɗaya ya ture direba gefe, ya sunkuci buhun shinkafar da ya kawo mana tsaraba, ya shigo da shi tsakar gida ya dire. Ko nishi bai yi ba. Sannan ya dubi ɗansa da idon da ya rage ya ce:

"Usmanu, ka ji ni da kyau. Kahin ranar su ina Argungu. Shekara arba'in da ɗaya ban yi hwashi ba."

Ranar su ita ce ranar da ake buɗe ruwan Matan Fada, kowane masunci ya faɗa da homarsa ta kamun kifi da goransa. Saura wata shida a lokacin. Usmanu ya ce in Allah ya so. Baba ya ce Allah ya riga ya so, shi dai Usmanu kada ya ƙi.

Ku da kuka san gidajenmu kun san yadda suruka take da uban mijinta. Ba na kallon fuskarsa, ba na yi masa magana in ban da gaisuwa, ita ma daga bayan bango nake durƙusawa in yi ta. Abinci kuwa in ajiye kwano a bakin shago, in yi gyaran murya, in juya. Bayan wani lokaci in dawo in tarar da kwanon a waje. Usmanu ma ba ya cin abinci da mahaifinsa, kuma ba ya tambayarsa me ya ci, domin ba a yi. Saboda haka duk maganar da ke tsakanina da Baba, a cikin kwanon nan take.

Ranar farko na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, na sa tsoka uku manya. Kwano ya dawo, tuwo tas, miya tas, tsoka uku suna zaune a gefe ɗaya an jera su. Na ce to, haƙori ne. Kashegari na dafa naman har ya kusa narkewa. Ya dawo. Na daka shi a turmi na zuba cikin miya. Wallahi tsohon nan ya bi ya tattaro shi da ɗan yatsa, ya tara a bakin kwano ya rufe da faifai.

Na ce wa Usmanu, "Malam, Baba ba ya cin nama."

Ya ce, "Ai masunci ne. Ki gwada kifi."

Na je kasuwa da kaina na zaɓo tarwaɗa mai rai, na yi mata farfesun da ni kaina na san ya yi. Baba ya sha romon, ya dawo mini da kifin ko fatarsa bai ɓantara ba. A nan ne raina ya ɓaci. Na ce wato ni 'yar birni ban iya dafa kifi ba ke nan, sai matan Argungu. To, na ji. Ban sake saya ba.

Ƙwai ya dawo. Hanta ta dawo. Wake da na dafa da manja, ya ci loma biyu ya bar sauran. Fura kuwa, in na dama da nono mai kauri, sai ya sha ruwan saman ya bar mini kaurin a ƙasan ƙwarya. Ni kuma a lokacin ina da shigar ciki, ban faɗa wa kowa ba sai Usmanu, ƙamshin nama ma tayar mini da zuciya yake yi. Duk abin da ya dawo sai in juye wa kyanwar maƙwabta. Cikin wata biyu kyanwar nan ta daina iya hawa katanga.

Ni malamar makaranta ce, na iya lura. Na lura abin da Baba yake cinyewa tas shi ne shayi da burodi, koko, farar shinkafa da tuwo. Na ce to ga abin da yake so. Na tsara masa: safe shayi da burodi, rana farar shinkafa da ɗan mai da yaji, dare tuwo da miya ba komai a ciki. Kwano ya riƙa dawowa a wanke. Har alfahari na yi a ɗakin malamai, na ce ni ban taɓa musayar magana da surukina ba, amma na san cikinsa fiye da ɗan da ya haifa.

Usmanu shi ma ya yi nasa ƙoƙarin. Ya ga Baba ya ɗauki tsintsiya zai share ƙofar gida, ya karɓe. Ya ga yana gyara igiyar guga, ya karɓe. Ya ce uban ma'aikacin gwamnati ba zai yi shara mutane suna wucewa ba. Ya sayo masa kujera mai hannu da rediyo, ya sa labule mai kauri a tagar shago saboda ido. Masallaci taku ashirin ne daga ƙofarmu, nan ne iyakar tafiyar Baba. Idon ya warke tun wata na biyu, amma Usmanu ya ce ya ƙara hutawa, ai ya sha wahala a rayuwa, in su ya matso sai a mai da shi.

A wata na uku Baba ya aiko ta bakin Usmanu cewa kada a riƙa kai masa abincin rana ran Litinin da Alhamis, ya fara azumin nafila. Na ce Allahu akbar, tsoho ya kama ibada. Na faɗa wa mahaifiyata, ita ma ta yaba.

Na riƙa jin canji, ban dai san shi ne ba. Da can in Baba ya tashi daga tabarma ba a ji. Sai na fara jin hannu yana laluben bango, da "Ya Allah" a hankali. Takalminsa da ke tafiya ɗas ɗas ya koma ja. Na ce tsufa ne, ai kowa da lokacinsa.

Wata Asabar da hantsi, cikin wata na biyar, ya tsuguna yana alwala a bakin rariya. Ya zo miƙewa ƙafa ta ƙi, ya koma baya ya dafa ƙasa da hannun dama. Faɗuwar da ko buta ba ta kife ba. Amma ina kicin na ji ƙas. Aka kira maɗori ya ɗaure wuyan hannun da karare, yana ɗaurewa yana girgiza kai, ya ce shi ya san ƙashin masunta, wannan ƙashi kamar karan dawar bara.

Usmanu ya tsorata, ya ɗauke mu ni da Baba zuwa asibiti a Sakkwato. Likitan ya duba hannun, ya ce ɗorin ya yi, a bar shi. Sannan ya ce Baba ya zauna a kujera ya tashi ba tare da ya dafa komai ba. Baba ya gwada. Ya sake gwadawa. Likita ya ɗaga masa wando ya matsa cinyarsa, ya tambayi Usmanu me tsohon yake ci. Usmanu ya ce abinci. Likita ya ce wane iri. Usmanu ya waiwayo ya dube ni.

Na gyara mayafi na jero masa tsarina, safe da rana da dare, ban manta ko da yajin ba. Ina jiran a ce sannu da ƙoƙari.

Likita ya ajiye alƙalaminsa. Ya ce, "Wata nawa?"

Na ce, "Huɗu da rabi."

Ya yi mana bayani a hankali, irin yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ya ce jikin tsoho ba ya ajiya kamar na yaro. In bai samu nama ko kifi ko wake ko ƙwai ba, naman jikinsa zai riƙa ci, kuma daga cinya yake farawa. Ƙashi kuma yana son nono, da ƙananan kifin da ake taunewa da ƙayarsu, da ganye irin zogale, yana son rana, yana son a ɗora masa nauyi. Ya ce mutumin da ya shekara sittin yana cin kifi da fura yana tura jirgi, an zaunar da shi a duhu a kan shayi da burodi, ba abin mamaki ba ne. Abin da ya zube a wata huɗu, in ji shi, sai a shekara ana nema, kuma ba lalle a same shi duka ba.

Muka miƙe za mu fita, Baba yana gaba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi likita ko mako bakwai ya isa. Likita ya ce ya isa me? Baba ya ce ba komai.

Kwana biyu bayan haka Gwaggo Laure ta iso daga Argungu. Yayar Baba ce, ta girme shi da shekara shida, bandar kifi take yi a bakin gulbi. Ta sauko daga mota da kwandon kifi a ka, ta ƙi kowa ya karɓa. Ta shiga shago ta yaye labulen Usmanu ta jefar a ƙasa, ta dubi ƙanenta tun daga sama har ƙasa.

"La'ilaha illallahu! Tamba, ina ƙahwahunka? Mi anka yi maka?"

Ya ce ba a yi masa komai ba, an kula da shi ƙwarai.

Ta ƙwala mini kira. Na zo na durƙusa a bayan bango inda na saba. Ta jawo turmi ta kife a daidai bakin ƙofa ta zauna, rabin jikinta a shago, rabi a tsakar gida. Tsakanina da Baba bai fi taku uku ba, kowa yana jin numfashin kowa, amma ta bakinta muka yi magana.

"Ɗiyata, don mi ba ki ba shi nama?"

Na ce, "Gwaggo, ba ya ci. Dawo da shi yake yi. Kifi ma haka, da ƙwai, da nono."

Ta juya ciki. "Ta ce kana mai da nama. Don mi?"

Ta sake tambaya da ƙarfi. Sai na ji muryarsa ƙasa ƙasa.

"Ki ce mata ba ita kaɗai ta ba. Na ji ta tana amai tun asubar hwarko."

Gwaggo ta juyo waje. "Ya ce kina da juna biyu, ke ya bar wa."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. A gidanmu mu goma sha ɗaya ne, kwanon mahaifinmu bai taɓa isowa kicin da komai a ciki ba, a hanya muke tare shi. Na san dattijo yana rage abinci, kowa ya sani. Amma yara ake rage wa, kuma gidan nan babu yaro. Bai taɓa zuwa mini ba cewa akwai, kuma ni ke ɗauke da shi.

Gwaggo ta ce, "To kin ci?"

Kyanwar tana kwance a gindin randa a lokacin, ta cika wurin. Gwaggo ta dube ni, ta dubi kyanwar, ba ta ƙara tambaya ba.

Ta koma kan ƙanenta. "To da anka daina sa naman, bakinka ciwo yake? Kuma azumin mi na nika ji? Kai da ko na Ramadan sai an yi ta hwama da kai?"

Ya ce da ya ga nama ya ɗauke, kifi ya ɗauke, ya ɗauka albashin yaron ne bai kai ba, zamani ya yi tsanani, ga baƙo an ƙara musu. Ba zai kunyata ɗansa da tambaya ba. Sai ya ga in ya janye bakinsa kwana biyu a mako, abin da ya ragu zai isa yarinyar.

Gwaggo ta isar mini da wannan ma kalma kalma, kamar ban ji ba. Sannan ta ce ita a rayuwarta ta ga wawaye, amma ba ta taɓa ganin masu ladabi irin na gidan nan ba. Da Usmanu ya dawo daga Zauro ta ba shi nasa kason, tun daga kujera har labule, shi kuma yana tsugune yana cewa haka ne, Gwaggo.

Na yi kuka ranar, kukan haushi da kunya. Haushin kaina, haushin Usmanu, har da haushin Baba, domin da ya cinye tsoka ɗaya tak a ranar farko da duk ba a yi haka ba.

Gwaggo ta zauna da mu mako bakwai ɗin nan. Ta karɓe kicin. Safe fura da nono mai kauri, ƙwarya biyu, ɗaya a shago ɗaya a bayan bango, ita a kan turmi a tsakiya tana kallon kowa. Baba ba ya kai ludayi baki sai ta ce masa, "Ta sha." Ni ma ba na ci gaba sai ta ce, "Ya sha." Rana wake da zogale, ko ƙananan kifi soyayyu da ake taunewa har kai. Dare tuwo da miyar kuka ta sha banda da daddawa. Shayi kuwa ta ce in ta sake ganin kofinsa za ta jefa rijiya. Da hantsi ta fito da shi rana, ta mai da masa tsintsiyarsa ya riƙe da hagu. Da aka kwance ɗorin ta ba shi guga ya riƙa jawo rabi. Kujerar Usmanu aka kai falo.

Ya samu sauƙi, ba zan ce bai samu ba. A mako na huɗu ya tashi daga tabarma bai dafa bango ba, Gwaggo ta yi guɗa. A na shida ya taka har kasuwa ya dawo, ya kwanta yini guda. Na fara sa rai. Kullum in na idar da salla roƙona ɗaya ne, Allah ya mai da wa tsohon nan abin da na zubar.

Ana jibi su muka tafi Argungu dukanmu. Usmanu ya so in zauna saboda cikina ya tsufa, na ce ko a kan gadon asibiti nake sai na je. Baba ya sauko da homarsa daga rataye, ya yini yana ɗinke inda ɓera ya ci. Abokansa suka zo gaisuwa, kowa ya ce birni ya karɓe shi, ya yi fari. Babu wanda ya kalli ƙafafunsa, sun iya zama da mutane.

Ranar su ina rumfar Gwaggo a saman gaɓa, inda take sayar da banda. Daga nan ana ganin komai. Masunta sun yi sahu iya ganin ido, kowa da homa da gora. Na gano Baba a sahun gaba, inda aka ce nan yake tsayawa tun kafin a haifi Usmanu. Gaɓar tana da gangara, sai an sauka da gudu kafin a kai ruwa.

Aka buga bindiga. Mutane suka kwarara gaba ɗaya da ihu, ƙasa tana rawa. Na ga Baba ya yi taku ɗaya, biyu, uku, a na huɗu gwiwa ta lanƙwashe. Bai faɗi ba. Ya kafa sandar homa a ƙasa ya dogara da ita. Jama'a suka riƙa ratsawa ta damansa da hagunsa, har suka ƙare. Ruwa ya cika da kawuna da goruna, gaɓa ta zama wayam, sai tsoho ɗaya a tsakiyar gangara yana tsaye.

Usmanu ya yunƙura zai sauka, Gwaggo ta riƙe masa riga.

Baba ya daɗe a wurin. Ya gwada taku ɗaya zuwa ƙasa, ya janye ƙafar. Sannan ya juyo ya fara hawowa, yana kafa sanda yana jawo jiki, taku huɗun nan da ya sauka sai da suka ɗauke shi lokacin da za a dama fura. Ya iso rumfa ya jingine homar a jikin ginshiƙi, busasshiya. A bayansa wasu samari uku suna kokawar fito da giwan ruwa mai girman akuya.

Baba ya karkaɗe hannunsa ya ce, "Ruwan bana babu kihi."

Gwaggo ta ce, "Babu."

Usmanu ya ce, "Haka ne, Baba."

Ni ba a tambaye ni ba, na cusa mayafi a baki. Baba ya zauna a kan bencin Gwaggo ya juya wa gulbin baya har aka tashi. Shekara tara ya ƙara a duniya, a gidan da bai fi taku ɗari da ruwa ba, bai sake shiga ba.